Rasuwar Filafili Mai Kai Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan hannun dama a ɗaure, ni Malam Gana na Fagge nake sanar da rasuwar Filafili, uban harkar tuƙin kwalekwale a ƙasar Kano baki ɗaya. Ya cika ranar Laraba da hantsi a Sabon Gari.

An haifi marigayin a Ingila, sandar tuƙa kwalekwale mai katako mai faɗi a kowane kai. Tare muka dawo a 1952, ni da digiri, shi da takardar gargaɗi: a riƙe shi sakwa-sakwa, a bar wuyan hannu a miƙe, ƙugu ne zai riƙa juyawa. Na karanta, har na gyara wa marubucin Turancinsa wuri biyu. Sannan na damƙe shi kamar fartanya.

Damina uku ya yi hidima a kududdufin bayan gidanmu. Mai haƙuri ne, maganarsa ba ta wuce facal, facal. Bai taɓa kai ni ɗaya gaɓar ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Da hannuna ya kumbura, maɗori ya raba mu, aka jingine marigayin a zaure. Nan Inna Silifat ta Sabon Gari, mai shirin sunan jikanta, ta gan shi, ta yanke hukuncin cewa muciya ce. Maiɗakina Zaituna ta ba da aronsa da wani irin sauri da har yau nake nazari a kai.

Shaidu sun tabbatar Inna ta riƙe shi sakwa-sakwa, wuyan hannu a miƙe, ƙugu na juyawa. Ba ta karanta takardar ba. Ya tuƙa tuwo tukunya huɗu, tafiya mafi nisa a rayuwarsa. A ta biyar ya ce ƙaras.

Ya rasu ya bar kwalekwale ɗaya, wanda kaji ke kwana a ciki, da kwaɗi masu yawa, da ni.

Za a kai shi makwancinsa a murhun Inna Silifat gobe bayan la'asar. Masu zuwa ta'aziyya kada su miƙo mini hannu. Masu neman takardunsu a ofis kuma su ga Cyprian, akawun teburin kusa da nawa, wanda mako bakwai ke nan yana haɗa aikina da nasa don kada Baturen ofishinmu ya gane ya sallame ni. Shi ya buga wannan sanarwa a keken rubutu, a lokacin cin abincinsa na rana.