Macijin Ƙarshe a Toukra

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hawwa ba, kuma ko na so in manta, matan layinmu ba za su bari ba. Hawwa 'yar ƙanena ce, ni na riƙe ta tun daga yaye, don haka a gidana nan Toukra ya kamata a yi wuni. Dangin ango kuwa, 'yan unguwar Ridina can cikin gari, suka noƙe. Suka turo yayar angon, Zara, wadda ake labarin gashinta har gadon baya.

"Gwaggo, a yi haƙuri a yi a wurinmu," in ji ta. "Nan daji ne, an ce akwai dabi." (Maciji ke nan da Larabcin gari. Mu a gidanmu ba a ma kama sunansa, igiyar ƙasa Innarmu ke cewa.)

Na gyara zama, don a wannan fage ba mai koya mini. Na ce, "'Yar nan, waccan Toukra kike nufi, ta farkon shekarun casa'in da muka tare. Lokacin gonakin gero ne har bakin ƙofa, ramukan bulo su cika da ruwa, kwaɗi su hana ka jin kiran sallah. Inda kwaɗo da ɓera suke, nan yake zuwa cefane. Yanzu fa? An sare kalgo an yi girki, an yanka gonaki an yi gini, damina ta zama mai rowa, kududdufi ya ƙafe tun gero bai nuna ba. Me zai ci? Ina zai kwanta? Ga shi bazara muke, ko akwai ragowa yana can ƙasan rami yana neman sanyi. In kuka ga ko wutsiya, ku canja mini suna."

Suka yarda, suka zo.

Da la'asar wuni ya yi daɗi, an ƙure kaset, Zara na tsakiyar fili tana juyi da lafayarta. Na zagaya ɗebo ruwa, sai na hango shi a gindin randa, dab da tabarmar baƙi: baƙi wuluk, ya naɗe, yana sheƙi. Wallahi ba tsoro na ji ba, bakina na tuna. In 'yan Ridina suka gan shi, Hawwa ta shiga gori ke nan har tsufanta, 'yar daji wadda gwaggonta ke shara ƙarya. Na ce bari in gama da shi a ɓoye.

Na jawo taɓarya. Dukan farko a hankali na yi, na biyun ne ya haɗa da randa. Ruwa ya malale, kaset ya mutu, wata ƙatuwar Hajiya ta haye turmi (har yau ban san yadda ta yi ba). Tunda asiri ya tonu, na ce gara a ga jarumta. Na yi ta kirɓa har na tabbatar ba ya motsi, na ɗago shi a bakin taɓarya, na ɗaga murya.

"Ku kwantar da hankalinku. Wannan shi ne na ƙarshe a Toukra."

Maƙwabciyata Kaltuma ta matso, ta ƙanƙance ido.

"Yaya, yaushe macizai suka fara kitso?" Ta sunsuna. "Har da shebe yake shafawa."

Sai a lokacin na ji ƙamshin sheben, haɗin nan da mata ke shafa wa gashi. Jelar meshi ce, ƙarin gashi irin na kanti, rawa ta cillo ta. Idanu suka fara bin kawuna ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya kan Zara, hannunta a ƙeya, inda ɗan guntun nata na Allah ya miƙe kamar wutsiyar akuya.

Ta tako a hankali, ta zare abinta daga taɓaryar, ta matse ruwan.

"Sannu da aiki, Gwaggo. Ya mutu?"

Na ce, "Allah ya ji ƙansa." Abin da ya fito ke nan.

Sunan dai sun canja mini, Gwaggo Mai Taɓarya nake har Ridina. In na je duba Hawwa, Zara na hango ni za ta dafe ɗankwali ta ce kowa ya riƙe nasa. Amma maganar daji ko dabi, ba ta ƙara yi wa Hawwa ba, don ta san daga nan hira za ta gangaro kan gashi.

Gaskiyata na nan, macizai sun bar mana Toukra. Abin da ban lura ba shi ne, sun daɗe da tafiya har na manta kamanninsu. Yanzu in na ga baƙin abu a ƙasa, kafin in nemi taɓarya, sai na fara duba kawunan baƙi.