Ɓauren da Na Lulluɓe da Harawa

Zamanin da gyaɗa ke tashe aka tura ni Ajingi malamin gona. Wani abokin karatuna ya kawo mini dashen ɓaure irin na ƙasar Turai, ya ce can idan sanyi ya shigo naɗe shi ake yi da ciyawa. Tun bai yi ganye biyar ba na yi wa rabin gari alkawarin 'ya'yansa.

Da sanyi ya kama, na ɗebo harawar gyaɗa na lulluɓe shi tsaf, na ɗaure da igiya. Maƙwabcina Baba Sule ya leƙo ta kan danga ya ce, "Malam, harawa kuwa?"

Na ce, "Baba, wannan ilimin zamani ne."

Ya ce, "To, Allah ya ƙara basira."

Na je kasuwa na dawo, na tarar da awakinsa uku a tsakar gidana. Sun cinye harawar, sun haɗa da ɓauren, igiyar kaɗai suka bar mini. Mai ɗakina ta yi dariya har da hawaye.

Har na bar garin, duk akuyar da ta yi ƙiba sai a ce, "Wannan a wajen Malam ta yi karatu."