Ranar da Aka Dafa Min Littafin Zane

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ƙanina ba, kuma ko na so in manta, mutanen layinmu a unguwar Morrisania ba za su bar ni ba.

Abin ya samo asali ne daga wani littafin rubutu da na saya ranar da makaranta ta kai mu gidan adana zane-zane a Manhattan. Bangonsa kaɗai abin kallo ne: da'irori masu ruwan hoda da ruwan goro, layuka sun murɗe kamar dodon koɗi, ga haruffa a warwatse. Matar da ta zagaya da mu ta ce wata Baturiya ce ta zana tun zamanin kakannin kakanni, wai kuma da bakinta ta ce ruhohi ke riƙe mata hannu. A cikin littafin nan na zuba duk zanen da zan nuna don a ɗauke ni ajin zane na ranar Asabar. Kafin Umma ta yarda da ajin, sai da na yi wanke-wanken da ya isa a ba ni lambar yabo.

Ranar sunan falo ya cika da mata, ni kuma aka tura ni ɗaki gadin yara. Da suka ishe ni da tsalle a kan gado, sai na ɗauko littafin, na rage murya, na ce aljanu ne suka zana bangon, duk wanda ya sake motsi da'irar nan za ta juya ta haɗiye shi. (Na ƙara da cewa ta riga ta haɗiye wani yaro a unguwar Soundview. Gishirin ya yi yawa, na sani.) Nan take suka daina tsalle. Ina cikin yaba wa kaina, wata ƙarama ta fita da ihu ta faɗa cinyar Tanti Rakiya.

Tanti Rakiya aminiyar Umma ce, 'yar Maraɗi, mai shagon atamfa. Ko atishawa ka yi, ba ta yarda ta banza ce. Ta sa aka kawo littafin, ta riƙe shi da gefen mayafi, ta ƙura masa ido, ta ce wannan hatimi ne sak. Na rantse wasa nake. Ta ce ai dama haka suke cewa. Tsoro ya sa Hausata ta gudu, na koma bayani da Turanci kamar an kunna rediyo. Tanti ta juya ga mata ta ce, "Kun ji ko? Bature ne ma a jikinta."

Aka zaunar da ni tsakiyar falo, aka lulluɓe ni da zani, wannan ta yi tofi, waccan ta yayyafa ruwa. Na leƙo ina neman idon Umma, na ce, "Umma, zanena na ciki." Ba ta kalle ni ba. Ita da kanta ta miƙa tukunyar miya, Tanti ta jefa littafin da habbatus-sauda, ta ƙyasta ashana.

Sun manta ba a tsakar gida muke ba. Hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɓarke, gidan kaf ya zubo kan titi. Ga 'yan kwana-kwana, ga maƙwabta, ga rabin 'yan ajinmu da wayoyi a sama, ga ni a jiƙe cikin zani ina warin turare kamar kifin banda. Wani ɗan kwana-kwana ya fito da tukunyar ya tambayi me muke dafawa. Sai ni aka turo in fassara.

Ajin zane kuwa ya tafi tare da tokar. Na sake gaya wa Umma gaskiya bayan baƙi sun watse. Ta ce ta sani tun farko ƙarya nake, amma ba za ta ƙaryata Rakiya a gaban mutane saboda ni ba, kuma 'yar da aka yi wa tofi a gaban mata ba ta komawa zane, me za a ce?

Abin da na koya ke nan: a gidanmu kana da ikon yin ƙarya, amma da zarar manya sun gaskata ta, ta tashi daga taka.