Farfesun Gracinda a Motar Custódio

A kan wani bunsuru na fara jin sunan Custódio. Ina ƙarama, kakata Deolinda, wadda muke kira Avó, tana da wani tsohon bunsuru mai taurin kai, kullum sai ka ji ta a bayan gida tana ihu: "Custódio, Allah wadaran wannan kai naka!" Sai da na shiga makaranta na gane ashe aron sunan aka yi wa dabbar. Mai sunan na ainihi mutum ne, tsohon direban babbar mota, mijin yayarta Gracinda. Tun ranar da ya auri yayar tata suke cin mutuncin juna, kuma babu wanda ya taɓa ganin sun yi faɗan gaske.

Gracinda ta rasu a lokacin sanyi. Ba a daɗe ba mai gidan da suke haya a Setúbal ya ce yana son abinsa. Tio Custódio, wato Kawu Custódio a harshenmu, ya kwashe ɗan abin da ya rage ya koma cikin motarsu mai ɗaki, wadda suka saya don yawon tsufa, ya zo ya kafe ta a wani sansanin masu irin waɗannan motoci, bakin madatsar ruwa kusa da ƙauyenmu a Alentejo.

Sai watan Agusta ya zo da tsananin zafinsa. Wutar da sandar sansanin ke ba kowace mota amfiya shida ce, ba ta ɗaukar esi da firiza tare. Da zarar injin firizar ya tashi esi na aiki, sai maɓallin sandar ya faɗi. Akwatin maɓallin kuma a kulle yake, mai makullin yana tafiya hutun rana ba ya dawowa sai yamma. To a cikin firizar nan akwai robobin farfesun rago, girkin Gracinda na ƙarshe. Bai taɓa cin ko ɗaya ba, kuma ba ya yarda su narke. Don haka ya kashe esi gaba ɗaya, shi da likita ya ce zuciyarsa ba za ta jure zafi ba.

Ni na tuƙa Avó muka je da tsakar rana. Ya lulluɓe tagogi da takardar azurfa, ya ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya, wata 'yar fanka tana ta juya iska mai zafi. Avó ta leƙa kai tun daga bakin ƙofa.

"...ni tun daga ƙofar sansani nake jin ƙamshin gashi, na ce wa ya yanka rago bai gayyace ni ba. Ashe kai ne ba ka gama nuna ba. Ina wuni, mijin yaya?"

"Da lafiya nake wuni, sai yanzu. Ondina 'yata, burodi da ƙanƙara na ce ki kawo mini. Wa ya ce ki haɗo da ungulu?"

"Ungulu ai wurin mushe take zuwa. Na zo da wuri ne in kama layi."

"Ki koma, sai baɗi. Ni na ratsa Spain da Faransa a motar da ba ta da ko fanka, ina soya ƙwai a kan bonet."

"Lokacin kana da zuciya. Yanzu abin da ke ƙirjinka tsohon agogo ne, sai an girgiza yake tafiya. Matsa in zauna. Wayyo! Kujerar ma ta ƙona ni."

"Kujerar tana da hankali."

"Mene ne wancan akwatin a saman kanka? Ado ne?"

"Esi ne, baƙauya. Ba a san shi a garinku ba."

"To kunna wa baƙauya ta gani."

"Ba ya aiki gaban mutane masu mugun ido."

"Custódio, kunna."

"Wutar ba ta ɗaukar biyu. Na cire hitar ruwa, na daina cajin batir da rana, kofi ma a waje nake dafawa da gas. Duk da haka sai ta faɗi. Ranar nan ta faɗi mai makulli ba ya nan, na tsaya ina kallon ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin murfi har yamma. Ba zan ƙara ba."

"Sai ka kashe firizar."

"Sai ke ki kashe bakinki, ya fi ta cin wuta."

"Ka ba ni robobin in kai gidana. Firizata ta fi motarka girma."

"In ba kura ajiyar nama? Ke da a ranar aurenmu kika cinye rabin kek kafin mu fito daga coci?"

"Na ci ne don baƙin ciki. Yayata kyakkyawa, masu gonaki na layi, ta tashi ta ɗauki mai warin man dizal."

"Ke kuma kika yi ta kuka don ba ke na ɗauka ba. Kowa ya gani."

"Ni? Da in aure ka gara in auri tayar motarka, ita ko ba komai tana zuwa inda aka juya ta."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Ya dafa bango ya daɗe bai ɗago ba. Leɓɓansa sun yi fari fat, gumin ma ya daina fito masa. Na miƙa masa ruwa, ya sha rabi, rabi ya zube a riga. Avó ta kalle shi, ta kalli firizar da ke ta gurnani a inda ya cire teburin cin abinci ya ajiye ta.

"Ka zo gidana ka zauna, ɗakin baya babu kowa," ta ce, muryarta ta sauka.

"A binne ni da rai ke nan. Gracinda ba ta taɓa kwana wani wuri ban da inda nake ba. Inda nake nan take."

"Gracinda tana maƙabarta, tsoho. Wannan rago ne da albasa."

"Fita daga motata."

"Motar yayata ce. Kai ɗan rakiya ne."

"Ondina, ɗauke kakarki kafin in manta mace ce."

"Yaushe ka taɓa tunawa? To tsaya, tunda abin ya zo nan. Na yi alkawari ba zan faɗa ba, amma ba zan zauna ina kallon jaki yana mutuwa a kan girkina ba."

"Girkin wa?"

"Nawa. Kai kana ina lokacin? Kullum kana hanyar asibiti da kantin magani. Matar da ba ta iya riƙe cokali ita za ta tsaya kan tukunya? Ni na zo na dafa, ni na zuba a robobi. Ta ce kar in gaya maka, don ta san in ka ji nawa ne ba za ka ci ba."

"Ƙarya kike!"

"Shekara nawa kana cewa miyata ko kare ya lasa sai ya nemi likita? Ga shi kana mata gadi dare da rana, ka ba ta wuta kai kana gasuwa. Da na san haka kake sona, da na sa jan baki kafin in zo."

"Ƙarya kike, Deolinda. Na san ƙamshin hannunta."

"Ta cikin ƙanƙara? Hancin naka da ba ya jin warin safarka?"

Ya juyo ya dube ni. A lokacin nan Avó ta ɗora ƙafarta a kan tawa ta danna da ƙarfi.

Ni na yi jinyar Gracinda a wannan sanyin, ina gidan. Avó ba ta taɓa tukunyar nan ba. Gracinda ce ta dafa, a zaune kan kujera da bargo a cinyarta, ni ina yanka mata albasa da tafarnuwa, ita tana ɗanɗanawa tana tofarwa don ba ta iya haɗiya. Ta ce mini, "Wannan mutumin ko ruwan zafi bai iya ba, bari in bar masa na kwana biyu." Don ya ci ta dafa. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

Ya ɗauke idonsa daga kaina. Can ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Shi ya sa," in ji shi. "Shi ya sa tun da na sa su a ciki firizar take kuka dare da rana. Injin ma ya gane guba ce."

"Gubar da ta fi ƙarfin uwarka dafawa."

"Bar uwata ta huta. Ondina, ɗauko jakar ƙanƙarar nan. Kwashe mata kayanta, kyauta na ba ta, har da robobin. Ta je ta kashe ɓerayen gidanta."

"Na gode, mai kyautar abin da ba nasa ba."

"Ki haɗa da firizar in kina so, ku biyu ku dinga gurnani tare."

Ya durƙusa da ƙyar, da hannunsa ya zare filogin. Gurnanin ya tsaya. Ya miƙe ya murɗa esi, ya yi kakari kamar ba zai tashi ba, sannan iska mai sanyi ta fara saukowa kan sanƙonsa. Muka jira mu ji ko maɓallin zai faɗi. Bai faɗi ba. Ya zauna ya rufe ido.

"Ka ga har ka fara kama da mutum," in ji Avó.

"Ke kuma esi bai taimake ki ba."

Ta fita ta ce za ta duba mota. Ta tagar ƙofa na hango ta tsaye a rana tsaka, ta juya mana baya, ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta na girgiza.

Ya tsallake wannan zafin, ya ga wasu bayansa, duk a cikin motar, don bai taɓa yarda ya koma ɗakin baya ba. Robobin kuwa har yau suna ƙasan firizar Avó. Ita ma ba ta iya ci ba.

Amma a ranar, ina jera su cikin jaka, sanyinsu na cizon yatsuna, sai na ji ya kama hannun rigata. Bai buɗe ido ba. Ya yi magana a hankali don kada ta ji daga waje.

"Ondina, ke kina gidan. Kin san wadda ta dafa. Abu ɗaya nake roƙonki, 'yata: ko wata rana na tambaye ki, ko na yi miki kuka, kar ki gaya mini."