Ranar da Ƙofar Gilashi Ta Tona Mini Asiri

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina, ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka dawo mini da maiɗakina Kulu daga wankan gida ba. A shekarar da aka samu 'yancin kai ne. Duk gari na murnar Turawa za su tafi, ni kuwa murnata daban: an haifa mini 'yar fari, kuma na gina wa uwarta sabon ɗaki a gidanmu na Ƙofar Atiku.

A lokacin ni akawu ne a wani kamfanin sayen fatu, ga gajeren wando mai kari, ga alƙalami a aljihu ko da babu abin rubutawa. Surukaina kuwa 'yan kasuwar hatsi ne a Ƙofar Kware, kuma da ƙyar suka ba ni Kulu. Wadda ta fi tsayawa kai da fata a kan kada a ba ni ita ce Gwaggo Hajo, yayar mahaifinta, mace doguwa wadda ba a taɓa ganin haƙoranta ba sai in tana cin goro. Hujjarta ɗaya: ɗan boko ba shi da kunya. Saboda haka tun da aka ɗaura aure na ɗauki kunya ta zama mini aiki na biyu. In na hango Gwaggo, tun daga bakin unguwa nake cire takalmi. In na durƙusa gaishe ta, sai ƙafafuna sun yi barci sun farka kafin in miƙe.

To, yaran yanzu ba za su gane ba, amma a wancan zamani babu inda ake auna kunyar mutum kamar a kan ɗansa na fari. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa. In ya yi kuka, sai ka dubi sama kamar kana duba hadari. Ni kaina ɗan fari ne, kuma har na yi gemu ban taɓa jin Innata ta kira sunana ba. "Kai" take ce mini, in kuma ranta ya ɓaci, "kai wanga." Ranar suna aka raɗa wa 'yata Saratu, aka leƙo mini da fuskarta a cikin zane, na yi mata kallo ɗaya irin wanda ake yi wa kabewar maƙwabci, na kau da kai. (Allah Ya sani, da zuciya tana da hannu, da ta fizge ta a wurin.)

Ina cikin wannan hali magini ya gama ɗaki, saura ƙofar da za ta fuskanci tsakar gida. Nan aka shiga shawara kamar za a naɗa sarauta.

Inna ta ce asabari. Shi ta sani, shi uwarta ta sani. Iska na shiga, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Na ce gaskiya ne, amma akuyarmu ma ta san wannan ilimin, don ba ta taɓa yin sallama a gaban asabari ba, kuma in ruwan sama ya zo da iska, har gado yake bin mutum.

Kafinta ya ce ƙyauren katako, a lulluɓe shi da langa-langa, a sa sakata. Ƙofa ce ta gaske, ko ɓarawo ya gan ta sai ya yi mata sallama ya wuce. Amma duk wanda ya taɓa rufe irinta da rana a zafin Sakkwato ya san abin da gurasa take ji a cikin tanderu. Ga duhu. Ni kuma na sha ganin Kulu a tsohon ɗakinta tana ɗinkin hula, ta rakuɓe a dokin ƙofa tana bin ɗan hasken da ke shigowa, idanunta har ruwa suke yi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, shi ya sa abin ya fi damuna.

Ana nan sai aka aike ni gidan Baturen kamfaninmu, wanda ke haɗa kayansa zai koma ƙasarsu. Ana gyaran gidan, an cire ƙofar baranda an jingine ta da bango. Ƙyaure biyu gare ta, ɗaya ya buɗe dama ɗaya hagu, kuma daga sama har ƙasa gilashi ne a cikin farin katako. Na tsaya na dube ta, sai na ga Kulu zaune a kan gado tana ɗinkinta cikin haske, ba ƙuda, ba akuya. (Ba zan yi muku ƙarya ba, na kuma ga kaina ana nuna ni a kasuwa ana cewa ga mai ƙofar Turawa.) Na yi magana, aka sallama mini.

A amalanke aka ɗauko ta, an kwantar da ita a kan buhunan algarara kamar amarya marar lafiya. Ina gaba ina korar mutane, rabin Sakkwato na biye da mu. Sai da aka fasa bango aka ƙara faɗin ƙofar kafin ta shiga, kafinta na aiki yana tsaki.

Inna ta zo ta tsaya, ta riƙe haɓa. "Kai wanga, mi ag ga? Ƙohwa ko taga? Mutum shina cin tuwo, duniya na ƙirga mai loma?"

Na ce, "Inna, ba a ganin ciki. Taho ki gani."

Da hantsi ne, rana na bayan ɗakin, tsakar gida fes da haske, ciki kuwa inuwa. Muka tsaya a waje muka dubi gilashin. Babu abin da muka gani sai ni da ita da turmi da akuya. Inna ta matsa kusa, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce, "Awo, ashe madubi ka sawo. To, Allah Shi sa albarka." Daga ranar na yanke hukunci, na kuma bi unguwa ina koyarwa: ƙofar Turawa asabari ce mai ilimi, na ciki ya ga na waje, na waje ya ga kansa.

Ranar dawowar Kulu ta zo. Da azahar mata suka shigo da guɗa, ɗauke da ƙwarya-ƙwarya na gara. Gwaggo Hajo ce a gaba. A baya kuma ga kakar Kulu, tsohuwa 'yar firit mai bakin tsiya, wadda tun ranar aure ta ce ni mijinta ne, jikarta aro ta ba ta. Na zauna a zaure na haɗe fuska, ina amsa barka kamar ana yi mini ta'aziyya. Aka wuce da jaririya ta gabana, na dubi azarar rufi.

Da na dawo daga sallar la'asar sai na ji gidan tsit. Na leƙa. Duk matan sun koma sashen Inna, can baya, suna salla da cin abinci, har da Kulu. Na ce bari in duba ko sakatar sabuwar ƙofa tana aiki, ai haƙƙin maigida ne. Na shiga. Ga jaririyar nan a kan gado, ita kaɗai, ta farka tana wasa da ƙafafu, ba ta ko kuka.

Na mayar da ƙyaure biyun nan, na danna sakata.

Jama'a, na ɗauke ta. Ba ta fi tulun turare nauyi ba, tana ƙamshin sabulun salo da nono. Ta buɗe ido ta dube ni, irin kallon da alƙali ke yi wa wanda ya daɗe bai amsa sammaci ba. Na ce a hankali, "Saratu." Ban mutu ba. Na sake cewa, "Saratu, Saratuna, ni ne babanki." Ta kama mini gemu da 'yan yatsunta. Daga nan hankalina ya yi sallama da ni ya fita.

Na sumbaci goshinta, na sumbaci tafin ƙafarta. Na kumbura kumatu na yi mata kukan kwaɗo. Na cire hulata na kifa mata. Sai na ji waƙa ta zo mini, wadda ban san da ita ba, ba kai ba gindi, duk baitinta Saratu ne. Waƙa kuma ba ta tafiya ita kaɗai, sai ƙafa ta ɗauka. Na tattare babbar riga a kafaɗa, na karkace ƙugu, na shiga taka rawa irin wadda ko makaɗan mahauta suka gani sai sun ƙara wa kalangu wuta. Na ji ɗakin ya cika da haske mai ruwan zinariya, har na ce a raina, kai, wannan ƙofa ta yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ƙofar yamma take kallo. Da hantsi madubi ce. Da la'asar kuwa, in rana ta sunkuyo ta zuba haskenta cikin ɗakin, majigi ce, kuma ni ne hoton.

Na yi wani juyi na ƙasaita, 'ya a sama, leɓe a tsuke, sai na yi ido biyu da tsakar gida.

Cike take. Wasu a tsaye, wasu sun samu tabarma sun zauna. Wata da loma a hannu ta manta da hanyar baki. Kulu ta tura fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Innata ta juya baya tana kallon bango. A gaba kuwa, dab da gilashi, Gwaggo Hajo ce, hannu a ƙirji, fuska kamar an rufe kasuwa.

Na daskare da ƙafa ɗaya a sama. Na yi tunanin in shige ƙarƙashin gado, amma gadon ma ana ganinsa. Na yi sauri zan ajiye yarinya, ta ƙi sakin gemuna, ta tsala ihu. Na sake ɗagowa, ta yi shiru. Na sake sunkuyawa, ta sake tsalawa. Haka na yi ta ruku'u a gaban surukaina.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, a jikin gilashi. Kaka ce da sandarta.

"Angona, buɗe mana! Shekara nawa muna tare ba ka taɓa yi man rawa ba, sai yau da kishiyata ta taho? Ashe ƙugun ga naka shina motsi?"

Tsakar gida ta fashe. Wata ta rangaɗa guɗa. Na zo buɗe sakata da hannu ɗaya, sakata ta cije. Kaka na daga waje tana ba ni umarni, "Ɗaga sama, ango. A'a, ba ɗiyar ba, ƙarhen!"

Da ƙofa ta buɗe na zube a gaban Gwaggo, ga 'ya a hannu, ba hula, na ce, "Gwaggo, kuka na ji tana yi."

"Mun ji kukan," in ji ta. "Na kwaɗo ne."

Ta karɓi jaririyar, ta cire mata hulata ta miƙo mini da yatsa biyu. Na fita da baya da baya har zaure, na zauna ina jiran hukunci. Na san gobe labari zai kai Ƙofar Kware, a ce abin da Gwaggo ta faɗa tun farko ya tabbata.

Gab da magariba suka fito za su tafi, Inna na yi musu rakiya. Na manne a lungun zaure kamar tsohon buhu. Daidai inda nake Gwaggo ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce wa Inna da ƙarfi yadda zan ji:

"Kunya dai babu ta, na hwaɗi tun hwarko. Amma na ga abin da nike son gani. Ɗiyammu da ɗiyatta ba su wulaƙanta gidan ga." Sai ta ƙara da cewa, "A dai sa ma ƙohwag ga labule, don Allah. Ba kullum mutum ka iya kallon irin wanga abu ba."

Wallahi a ranar na ga haƙoranta, kuma ba goro take ci ba.

Washegari na je gaishe da Inna, kaina a ƙasa. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Na fara ba da haƙuri, na ce na kunyata ta a gaban baƙi. Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce:

"Kai ma an yi maka."

Na ce, "Na'am?"

"Rawa. Da waƙa. Kullum in an watse." Ta hure ƙaiƙayi daga faifan. "Kana da wani ɗan lotsawa nan ga kumatu in ka yi dariya. Tashi ka tai wurin aiki, ka tsare ni da ido."

Na tashi. Ban kai zaure ba sai da na tsaya na share fuska da hannun riga, ƙato da ni, da gemu da alƙalami.

Labule dai an sa, Kulu ta ɗinka da hannunta, a zaune kan gado cikin hasken da na yi mata sha'awa. Sunan da Kaka ta laƙaba mini, Sarkin Rawan Ƙofar Atiku, ya bi ni har wurin aiki, kuma Saratu da ta girma babu labarin da ta fi so a ba ta kamar wannan.

Yanzu in wani ya zo neman shawarata a kan ƙofar tsakar gida, ko asabari, ko katako, ko gilashi, nakan ce duk suna da kyau. Sai dai kada ya yarda da ƙofar da ya gwada da hantsi kawai, ya jira ya ga halinta da la'asar. In kuma ya san ƙugunsa ba ya jin magana, ya fara sayen labule kafin ya kira kafinta.