Na zaɓo wa Yaya akordiyon mai lafiya

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin bikin Rakiya, ɗiyar yayana, don ranar ce kunnen da nake taƙama da shi ya kunyata ni gaban dangi biyu.

Ni tela ne a Korgom. Aji uku na yi a lakwal na gudo, kuma ba ni son fita. In ka gan ni nesa da zaurenmu, to ko jana'iza ce ko zare ya ƙare. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Ina bisa keken ɗinki zan gaya maka moton wa ya shigo gari, in ƙara maka da cewa sarƙarsa ta saki. In matan gida suna daka, na san taɓaryar kowace. Mutane suka yi ta zuga ni, ni kuma na yarda da su fiye da yadda suka yarda da kansu.

Yaya Isuhu, wana uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi shekaru yana aikin lambu a Libiya. Can wani mutumin Sudan ya koya mashi akordiyon (abin kiɗan nan da ake ratayawa a ƙirji, ana ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera), da shi kuma ya dawo gida. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da zaurena. Tun ranar farko na ji abin da na ɗauka lahani ne: kowace murya ya taɓa sai ta riƙa karkarwa, kamar mai zazzaɓi yana magana. Na ce a raina an cuci Yaya, an sayar mashi da lalatacce. Ban taɓa faɗa mashi ba, wai ni mai kara. Shekara ashirin ina tausayin mutumin da bai roƙi tausayina ba.

Akwai wani take da yake yi wa matarsa Zuwaira, uwar Rakiya, in tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta rasu ya daina yin shi. Daminar bara ɗakin ya rufta bisa akordiyon ɗin, muka tono shi ya zama laka. Bayan girbi shi kansa Yaya ya kwanta da ciwon hanta. A asibitin Tasawa suka ce a maido shi gida a ci gaba da addu'a, kowa kuma ya san ma'anar wannan. Shi ya sa aka jawo bikin Rakiya kusa, don ya gani da idonsa. Ita kuwa abu guda ta roƙa: "Baba, taken Inna nake son ji kafin a tafi da ni."

Ya kira ni bakin gadonsa. Ya ce, "Tela, an ce mai sayar da tsofaffin kayan Kwatano a Tasawa yana da akordiyon biyu. Ka san muryar tsohon nawa, ka fi kowa jin ta. Samo mani irinta."

Na ce, "Yaya, ka bar mani wannan." A raina kuwa cewa nake: irinta? Wadda ta fi ta zan kawo.

Ana gobe biki na hau kabu-kabu sai Tasawa. Mai shagon, wani mai tabarau da ke cuɗa Hausa da Faransanci, ya sauko da su daga bayan tsofaffin firji, ɗaya ja ɗaya baƙi. Na ja jan, sai ga karkarwar nan, sak ta Yaya. Na ja baƙin, murya ta fito santal, a miƙe kamar zaren da aka ɗame.

Ya ce, "Malam, tsaya ka ji. Jan nan muzet ake ce mashi, da gangan aka..."

Na ɗaga mashi hannu. "Kai, ni za ka yi wa Faransanci ka liƙa mani mara lafiya? Tambayi mutanen Korgom wane ne ni."

Ya gyara tabarau ya ce, "To, madalla." (Har yau in na tuna wannan madallar sai kunya ta kama ni.)

Da na dawo Yaya ya ce in kawo ya taɓa. Na ce ya adana ƙarfinsa sai gobe. Gaskiyar magana, so nake a buɗe shi gaban jama'a. Har riga na ɗinka wa akordiyon ɗin da ragowar shadda.

Da la'asar ta yi, dangin ango daga garin Sarkin Hausa suka cika tsakar gida, mota tana jira a waje. Aka fito da Yaya bisa katifa aka jingina shi da matasai. Rakiya ta durƙusa gabansa cikin lulluɓi. Da na miƙa kayan na koma gefe, da an rabu lafiya. Ina! Sai da na yi jawabi.

Na ce, "Jama'a, biyu na tarar. Ɗaya yana karkarwa irin tsohon nan na Yaya, lalataccen da ya yi shekara ashirin yana haƙuri da shi, mu ma muna haƙuri. Na ce a'a, yau kam Yayana zai taɓa mai lafiya."

Na jira a yaba. Yaya ya dube ni, dogon kallo, sannan ya ce a rataya mashi.

Ya ja. Yatsunsa ba su manta komai ba, taken ya fito daidai, amma a bushe, kamar ana karanta takarda. Ya yi rabi, gumi yana zuba, sai muryar Rakiya ta fito daga cikin mayafi, ƙasa-ƙasa: "Baba, ba shi ba ne."

Ya tsaya. Da ya yi mani faɗa da na fi jin daɗi, amma a hankali ya yi magana, yana hutawa tsakanin kalmomi.

"Tela, kowane maɓalli harsunan ƙarfe biyu gare shi a ciki. Wani akordiyon akan daidaita su su zama murya ɗaya, kamar wannan. Wani kuma maƙerin yakan goge ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa kaɗan, don in sun tashi tare su yi wannan rawar. Ita Zuwaira take so. Takan ce kamar mutum biyu ne suke kuka ɗaya." Ya numfasa. "Ashe duk shekarun nan da kake bayan katanga, haƙuri kake yi da ni?"

Wata tsohuwa daga dangin ango, wadda kurumta ta sa ba ta iya raɗa, ta tambayi ta kusa da ita, "Shi ne mai kunnen da ake faɗi?"

Na nemi inda zan sa idona na rasa. Aka ɗaga Rakiya tana kuka, kuma kowa a gidan ya san ba kukan amarya kaɗai ba ne. Ni aka bari da rigar shadda a hannu.

Da sassafe na koma Tasawa. Mai tabarau ya hango ni da baƙin a ka, ya shiga ya fito da jan. Sai da na juya zan tafi ya ce, "A gaida mutanen Korgom."

Na iso da azahar, amma ƙarfin da Yaya ya adana ya ƙare jiya, a kan zaɓina. Ko ɗaga hannun hagu ba ya iyawa. Ya ce, "Ɗora mani bisa cinya. Kai ka ja, ni in taɓa." Muka kira Rakiya a salula, aka ajiye wayar bisa matashi. Ni da ban taɓa riƙe abin kiɗa ba, na riƙa ja ina matsewa yadda ya nuna mani da kai. Karkarwar ta cika ɗakin. Wannan karon ban nemi lahani ba, na dai saurara, sai na ji su: murya biyu, kusa da kusa, ba su haɗe ba kuma ba su rabu ba. Layin ya yanke sau biyu. Da muka gama, can cikin wayar Rakiya ta ce, "Shi ne, Baba." Rabin taken kawai ta ji, ta waya, a gidan da ba nata ba tukuna.

Kwana tara bayan nan muka kai Yaya makwancinsa.

Jan akordiyon yana rataye a zaurena, ban iya shi ba, ban kuma yarda a saya ba. Kunnena bai yi ƙarya ba, ya ji karkarwar sarai. Ni ne na yanke mata hukunci ban tambayi mai ita ba. Yanzu in na ji abu yana rawa, murya ko inji, sai in fara da cewa, "Haka kake son shi?" Shekaranjiya na tambayi wani mai moto haka. Ya dube ni ya ce, "Tela, lafiyarka? Lalacewa ya yi." Na ce to, na dai tambaya.