Malam Hashimu da Uzurin Rasuwa

Duk wanda ya taɓa kai hularsa wanki a bakin kasuwar Funtuwa ya san Malam Hashimu, in kuma ya daɗe a kan bencinsa to ya ji wannan labari, domin shi da bakinsa yake bayarwa. Yakan ce gara ya riga kowa faɗa, tunda ko ya yi shiru matan unguwa ba za su yi ba.

Malam Hashimu irin mutanen nan ne da Allah ya ba su baki a taro. Mu magidanta ai mun san kanmu. A gida ba mu san inda jakar makarantar yaro take kwana ba, amma a miƙa mana lasifika a taron iyaye da malamai, sai ka rantse a ɗakinmu aka raɗa wa boko suna. To a irin wannan taro ne, a firamaren da 'yarsa Ramlatu take aji shida, shugabar makarantar, Malama Asabe, ta koka da yawan fashin yara. Yau an kai yaro biki, gobe suna, jibi an tura shi ƙauye duba kaka. Kafin ta rufe baki Malam Hashimu ya miƙe, ya gyara zaman hula, ya karɓi lasifika.

Ya wanke iyaye tas, ba sabulu. Ya ce ba yara ke fashi ba, iyaye ke yi, don bai taɓa ganin yaron da ya kai kansa tasha ya shiga mota ba. Daga nan ya kawo shawara: duk ɗan aji shida da ya yi fashin kwana biyar ba uzuri, a cire sunansa daga masu rubuta jarrabawar shiga sakandare, ya maimaita aji. Uzuri kuwa biyu ne kacal, ciwo ko rasuwa. Ciwon ma sai an zo da katin asibiti.

Wani dattijo daga baya ya ce, "To rasuwar fa, da wace takarda za a zo?"

"Haba jama'a!" in ji Malam Hashimu. "Wane ɗan halak ne zai yi wa mutuwa ƙarya?"

Aka yi tafi, aka rubuta doka. Ranar da ƙyar ƙofar zaure ta ishe shi shiga.

Ba a rufa wata biyu ba ƙaninsa ya tashi aure a Jos. Tsarin da Malam Hashimu ya yi mai kyau ne: a tafi Juma'a bayan an tashi daga makaranta, a dawo Lahadi. Ya kwashi matarsa Uwani da Ramlatu suka tafi. Sai dai biki ba ya tafiya da tsarin kowa. Aka ɗaura aure, aka ce a tsaya kai amarya. Aka kai amarya, aka ce wane irin babban wa ne zai tafi ba a yi buɗar kai ba. Shi yakan ce dangi ne suka riƙe shi, amma in aka matsa masa sai ya faɗi gaskiya: sanyin garin ya yi masa daɗi, kullum da safe ga dankali da ƙwai, ga kowa na ce masa Yaya Babba ana ba shi kujera mai hannu. Sau biyu Uwani tana ce masa, "Malam, makarantar yarinyar nan fa."

Ya ce, "Ke dai kwantar da hankalinki. Dokar ai ni na kafa ta."

Sai da suka kwana goma. Ramlatu ta yi fashin kwana shida cif.

Ranar da ta koma makaranta ta dawo da kuka da 'yar takarda, an ce ubanta ya zo. Yarinyar nan ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba, kuma tun tana aji huɗu ba ta da zance sai na makarantar kimiyya ta 'yan mata. Yanzu ga shi ana maganar cire sunanta saboda dankali da ƙwan ubanta. Malam Hashimu ya dube ta, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Washegari ya kama hanyar makaranta yana lissafin abin faɗa. Ya ce ciwo, ina kati? Shi ya toshe wannan ƙofa da hannunsa. Ƙofa ɗaya ya bari a buɗe, ita ma ya rantse ɗan halak ba ya bi ta cikinta. Ya yi ta juya maganar har ya isa ofis, ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya irin ta masu makoki.

"Malama, rasuwa aka yi mana."

Shi a tunaninsa magana ta ƙare ke nan. Ya manta Bahaushe ba ya jin mutuwa ya wuce.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malama Asabe, ta ajiye biro. "Wa ya rasu, Baban Ramlatu?"

Nan ido ya raina fata. Ya shiga bin danginsa ɗaya bayan ɗaya a zuci. Ubansa da uwarsa sun daɗe a ƙasa, rabin garin sun yi musu salla. Baffanninsa suna nan a kasuwa garau, kowa na ganinsu kullum. Mutum ɗaya ce ba wanda ya san ta a Funtuwa: Inna Dije, mahaifiyar Uwani, can wani ƙauye bayan Faskari inda waya ma sai an hau tudu take kamawa. Matar da shekara goma sha huɗu bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa cin ko goro a gabanta ba, in zai gaishe ta tun daga nesa yake tuɓe takalmi.

"Surukata ce," in ji shi.

"Allahu akbar! Mahaifiyar Maman Ramlatu? Ciwo ta yi?"

"Gajeren ciwo."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Ya amsa da amin can ƙasa-ƙasa. Malama Asabe ta rufe rajista ta ce a bar maganar fashi, Allah ya ba da haƙuri. Ya dawo gida ya ce wa Ramlatu ta share hawayenta, an gama. Uwani ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce magana ce ta manya. Ya so ya gaya mata, har ga Allah ya so. Amma ta ina mutum zai fara? Ya bar wa gobe, goben ta bar wa jibi.

Ana wata ga wata. Ranar Juma'a da yamma sai ga ɗan acaɓa a ƙofar gida, ya sauke tsohuwa da ƙullin gyaɗa da kaza ɗaure. Inna Dije ce da ranta da lafiyarta, ta zo ganin likitan ido. Malam Hashimu ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, yana satar kallonta. Bai taɓa ganin ta yi ƙiba da haske irin na ranar ba. Ya lallashi kansa da cewa Litinin za ta koma, kuma me zai haɗa tsohuwar ƙauye da shugabar makaranta?

Asabar da hantsi yana ƙofar gida yana shanya huluna, sai ga adaidaita ta tsaya. Malama Asabe ta fito, malamai mata biyu suka biyo ta, kowacce cikin dogon hijabi, fuska a kame. Ɗaya na ɗauke da kwalin taliya.

"Baban Ramlatu, mun zo yi wa maiɗakinka gaisuwa."

Hular da ke hannunsa ta faɗa cikin bokiti. "Ai Malama da ba ku wahala ba. Wallahi da kun bari na isar mata."

"Haba Malam, rashin uwa ne fa. Ana aika wannan?"

"Ta ɗan kwanta ne. Kanta ke ciwo."

Bai rufe baki ba muryar Uwani ta taso daga cikin gida tana ƙwala wa Ramlatu kira ta kawo mata taɓarya. Malaman suka yi sallama suka shige. Binsu ba dama, ga mata baƙi, ga suruka a tsakar gida. Gudu kuma ba wurin zuwa. Ya maƙale a zaure ya kasa kunne a jikin labule.

Inna Dije na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Malaman suka ɗauka 'yar'uwar marigayiya ce da ta rako Uwani gida, suka zube gabanta.

"Inna, ya haƙuri?"

Wanda ya kai shekarun Inna Dije ba ya tambaya kafin ya amsa gaisuwar mutuwa, don kusan kullum akwai wanda ya tafi. Ta ture tiren gyaɗa ta ce, "Haƙuri da godiya, 'ya'yan nan."

Malama Asabe ta ce a yi wa marigayiya addu'a. Aka ɗaga hannu. Daga zaure Malam Hashimu yana jin amin ɗin surukarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Da aka shafa ma sai ta ƙara da nata: "Allah ya sa can ta fi mata nan, ya kyautata tamu bayan tata." Sannan ta gyara zama ta ce, "Wai wace ce ta riga mu? Ni jiya na zo, ba wanda ya gaya mini."

Malaman suka dubi juna. "Ai mahaifiyar Maman Ramlatu."

Murfin tukunya ya faɗi a madafa, ya yi ta juyawa a kan siminti har ya gaji ya kwanta. Daga hannun Uwani ya suɓuce.

Can Inna Dije ta ce, "Wa ya kai muku labarin?"

"Malam Hashimu da kansa."

"Allah sarki. Ya ce ta yi jinya?"

"Ya ce gajeren ciwo ne."

"Gajere ne ƙwarai," in ji tsohuwa, "don ko ni ban ji shi ba. Ni ce uwar Uwani."

Ƙaramar malamar ta zabura har ta taka hijabinta. Ɗayar ta cusa fuska a tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Malama Asabe ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Baban Ramlatu, na san kana zaure. Bismilla."

Yakan ce bai san tsakar gidansa na da tsawo ba sai ranar. Ya tuɓe takalmi, ya tako kamar ƙwai ya fashe masa a ciki, ya durƙusa can gefe kusa da randa.

"Malama, biki muka je. Jos."

"Na gode da ka faɗa. To ka san abin da doka ta ce, tunda ba a bakin kowa muka ji ta ba sai naka. Ranar Litinin zan cire sunan Ramlatu."

Yarinyar na tsaye a ƙofar ɗaki da taɓarya a hannu. Ba ta yi ihu ba, hawaye kawai suka zubo. Wannan ne ya karya Malam Hashimu. Duk kunyar da ya sha a zaure ba ta kai ta wannan lokaci ba, ya ji ya tsani bakinsa da hularsa da dankalin Jos gaba ɗaya.

"Malama, don girman Allah," in ji shi, "yarinyar nan ba ita ta kai kanta tasha ba. Uwarta ma sau biyu tana tuna mini, na ƙi ji. In akwai wanda ya kamata ya maimaita aji a gidan nan, ga shi durƙushe gabanki."

Inna Dije ta sa baki. "'Yar nan, ki duba. Ba kasafai mamaci ke roƙon arziki ba. A bar mini jikata ta yi jarrabawarta, shi kuwa ku yi yadda kuka ga dama da shi."

Malama Asabe ta danne dariyar da ta ƙi yi tun ɗazu. Ta ce sunan Ramlatu zai tsaya, amma da sharaɗi biyu. Na farko, duk Asabar Malam Hashimu zai kawo yarinyar makaranta da ƙafarsa har ta rama darussan da suka wuce ta. Na biyu, a taron iyaye mai zuwa za a ba shi lasifikar nan dai, ya ba da wannan labari daga farko har ƙarshe, kada ya rage ko wasali. Ya ce ya ji, ya gode. Da suka tashi tafiya ƙaramar malamar ta tsaya tana duban kwalin taliya, ta rasa ɗauka za ta yi ko bari. Inna Dije ta jawo shi kusa da ƙafarta ta ce an riga an yi niyya, kuma ya iso hannun mai shi.

Baƙi suka tafi. Uwani ta shige ɗaki ta saki labule da ƙarfi. Tsohuwa ta jawo tirenta ta ci gaba da ɓarar gyaɗa kamar ba a yi komai ba. Malam Hashimu na nan durƙushe, ƙafafunsa sun yi tsami, ya rasa ta inda zai tashi. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce:

"Inna, a gafarce ni. Sharrin Shaiɗan ne."

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Na yafe, Malam. Sadakar uku da ta bakwai duk sun wuce ni, ba a gayyace ni ba. Ta arba'in dai a aiko mini da wuri, ni ba na fashi."